Abin da Ya Rage a Tanki Bayan Tsinke Ya Kwanta

Ƙarfe bakwai saura kwata na safiyar wata Talata na sauke bidon man gazuwal, jarka mai lita ashirin, daga bayan motata, na miƙa wa Sani, direban motar marasa lafiya. Daga nan komai ya fara lalacewa, amma ban sani ba sai bayan ƙarfe sha ɗaya.

An fito da wata mata da haihuwa ta gagara, za a kai ta Damagaram, man da ke tankin Sani kuma ba zai kai shi ba. Ya zagaya gareji sau biyu, kowa ya ce babu. Sai ya zo ya tsaya a kaina ina duba iskar taya.

"Yaya Rakiya, na san ke ma daji za ki, amma dubi matar nan."

Na duba. Na fito da littafina na yi lissafi a kan murfin inji, na maimaita. Na ce masa ya ɗauka.

Majo Hamani, shugaban malaman jinya da zan tuƙa a ranar, yana ɗaure akwatunan sanyi a baya. Ya ɗago kai ya ce, "Malama, kin tabbata? Ni dai mutumin bakin kogi ne, in aka maƙale a rairayi ban iya komai ba sai kuka."

Na ce, "Na tabbata, Majo. A rubuce yake."

Ku samarin da kuke zuwa garejin ma'aikatarmu da sabon farmin tuƙi a aljihu, an ce in rubuta muku abin da na sani game da tuƙin daji, tunda ban iya tsayawa gaban jama'a in yi bayani ba. Na ji yadda kuke magana. Kuna cewa tuƙi ai zama ne, mota ce mai aikin. Ɗayanku ya ce mini a makon jiya ya taɓa tafiya daga Gidimuni har Gure tsinken agogon mai yana kwance a kan ja, bai ga komai ba. Na yarda da shi. Kwalta ya bi.

Ban shiga wannan sana'a don son mota ba. Ina kwaleji nake zuwa hutu gidan ƙanin mahaifiyata, Kawu Ari, wanda ya yi shekara talatin yana tuƙa ma'aikatan lafiya zuwa ƙauyukan Kelle da Alakos da Bune. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Wata rana aka ba shi sabuwar mota da littafinta mai kauri na Faransanci. Shi bai yi lakwal ba, bai san boko ba. Ya ajiye mini shi a cinya ya ce, "Uwata, karanta mini abin da masu ita suka ce, in ji ko sun san ta." Na karanta masa shi a kwana tara, shafi bayan shafi, yana shan shayi yana cewa "wannan gaskiya ne", "wannan ba su zo nan ba". Da hutu ya ƙare ni na haddace littafin, shi kuma ya manta da shi.

Da karatu ya tsaya mini, shi ya je ya nemi a bar ni in riƙa bin sa. Shekara uku na yi a gefensa. Shekarar farko ban taɓa sitiyari ba. Wanke mota nake yi, da sauke iskar taya kafin a shiga rairayi, da mayar da ita da famfon ƙafa in an fito, tayoyi huɗu, a rana. Ya koya mini in kalli launin rairayi: wanda ya yi fari fat da rana tsaka zai haɗiye mota, wanda ƙarangiya ta kama zai ɗauke ta. Ya koya mini kada in canza bitas, wato giya, a tsakiyar tudu, kada in taka birki a gangara mai laushi, kada in bi sawun babbar mota don faɗin ƙafarmu ba ɗaya ba ne. Kowace safiya kuma, kafin ya tada inji, sai ya shimfiɗa buhu ya kwanta ƙarƙashin mota, ya ƙwanƙwasa tanki da kile, ƙarfen kwance ƙusa, daga gaba zuwa baya, kunnensa a jikin ƙarfe. Ina tsaye ina kallo. Agogon mai yana aiki lafiya lau, don haka na ɗauka al'adar tsofaffi ce. Ban tambaye shi ba. Ni ba mai tambaya ba ce. Abin da ban gane ba, in an koma gida nake nemansa a takarda.

Kayan aikin da ya bar mini ranar da idonsa ya raunana ya ajiye tuƙi suna nan har yau a cikin tsohon buhun shinkafa: kile na lamba goma da sha biyu da sha huɗu da sha bakwai, felu mai guntun ƙota, faifan ƙarfe biyu na sa wa taya, igiya, tiyo mai tsawon gaba biyu, roba da aka yanko daga tsohuwar tuyub, da tsumma. Kuna dariyar robar nan. Da ita na ɗaure bututun ruwan inji a hanyar Bune na kawo mutum bakwai gida.

Mutanen da za ku ɗauka kuma iri-iri ne. Akwai babban da zai zo daga Yamai ya ce a kunna masa sanyi a cikin rairayi, bai san sanyin nan daga tanki yake fitowa ba. Akwai malamar jinya sabuwar zuwa da za ta yi amai tun kafin Kelle, ta ji kunya, sai ka tsaya ka ce taya za ka duba. Akwai tsohon da zai tare ka a daji da akuya a kafaɗa, bai san mota tana da inda za ta ba. Na taɓa ɗaukar wani da maciji ya sara, ɗan'uwansa yana riƙe da shi a baya yana ta yi mini faɗa wai ina gudu da yawa, bayan minti biyar wai ba na gudu. Duk wannan aikin direba ne, ba a koyar da shi a wurin neman farmi.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce mafi muni da na gani. Mai ya yi wuya, masu sayar da na kwalba a bakin hanya ma sun tattara teburansu, a ma'aikata ana auna mana shi kamar magani. Ga ƙyanda ta shigo. A unguwarmu kaɗai na je gaisuwar yara fiye da yadda nake son tunawa. Aka sami labarin cewa Fulani makiyaya masu yawa sun taru a wata rijiya arewa da Kelle, ba a yi wa yaransu rigakafi ba. Ruwa kuma ya fara sauka can arewa, hankalinsu ya tafi. Majo Hamani ya aika wa arɗonsu, arɗo ya ce za su jira har azahar ta ranar Talata. In an yi salla za su ɗaura kaya, kowane gida ya kama gabansa, ba mai sake tara su sai bayan damina.

Ga lissafin da na yi a kan murfin inji. An ajiye mana tano, wato duron gazuwal, a makarantar wani ƙauye, kilomita goma gaba da rijiyar, don dawowa. Man da ke tankina zai kai tsinke kan ja saura kilomita talatin da biyar mu isa rijiya. Motar nan ta Kawu ce aka bar mini, littafinta kuma ya ce in tsinke ya kwanta a kan ja akwai sauran lita goma sha biyu. A rairayi motar tana cin lita ɗaya a kilomita biyar. Lita tara za ta kai ni har tano, in rage uku. Babu kuskure a lissafin, na sake duba shi sau da yawa bayan nan.

Mun wuce Kelle kafin tara. Tsinke ya kwanta a daidai inda na ce zai kwanta, kusa da wani kwari mai goriba, har na nuna wa Majo da yatsa. Ya tafa ya ce, "Ke da a ce likita kika zama, da mun huta." Muka ci gaba kamar kilomita goma sha biyar. Sai muka zo wani dogon tudu, ba mai tsayi sosai ba, amma hawansa ya kai rabin kilomita. Na sa bitas na biyu na ɗauko shi da gudu yadda aka koya mini. Muna tsakiya inji ya yi tari sau biyu, ya ja, ya sake tari, ya mutu. Sha ɗaya da minti goma.

Majo ya dube ni. Na ce iska ce ta shiga, abin minti biyar. Na buɗe murfi, na sassauta ƙusar da ke kan matacin mai, na danna ƙaramin famfonsa. Kumfa ta fito, sannan ba komai. Na danna har babban yatsana ya yi zafi. Famfon yana tafiya fayau, ba ya jan komai.

"Mai ya ƙare?"

"Bai ƙare ba. Akwai lita tara."

"To ina suke? Ko sun sauka a Kelle shan shayi?"

Na saki famfon. Ya sauke akwatunan sanyi ya kai su ƙarƙashin wata aduwa, ya lulluɓe su da rigarsa ta aiki, ya zauna a kai kamar kaza a kan ƙwai. Ni kuma na shimfiɗa buhu na kwanta ƙarƙashin mota, na ɗauki kile na yi abin da na shekara uku ina kallo ban taɓa yi ba. Gaban tanki ya yi ƙara kamar garwar da ba komai. Na matsa baya ina ƙwanƙwasawa. Can ƙarshe, wajen tayar baya, sautin ya yi nauyi. Man yana nan. Hancin mota yana sama, man ya gangara baya, bakin bututun da ke jansa kuma yana gaba yana shan iska.

Na yi tunanin sakin mota ta gangara ƙasa inda ya daidaita. Amma ko ta tashi a can, tudun yana nan yana jira, ga wasu uku a bayansa. Sai na tuna wata rana da bututun wata motar kasuwa ya toshe a hanyar Alakos, Kawu ya ɗaura musu bido a kan rufi.

Na ce, "Majo, ina son bidon ruwan shanmu, da kwanon wanke hannunka."

"Ruwan fa?"

"A zuba a buta da kwalabe. Wanda ya rage mu sha."

Ya ce, "Yau Bazabarme zai mutu da ƙishirwa da ciki cike da ruwa." Amma ya tashi.

Na saki mota ta koma baya a hankali har gindin tudu don man ya dawo kan ƙusar ƙasan tanki. Na kwance ƙusar da kile na sha bakwai, man ya zubo a kwano, wani ya bi hannuna har hammata. Na auna shi da kwalbar lita ɗaya da rabi. Kwalba huɗu. Lita shida, ba tara ba. Na sake aunawa, Majo yana cewa in bar aune-aune rana tana tafiya. Na bar man ya kwanta minti goma, don abin da ya fara fitowa ruwa ne da baƙin laka na shekara da shekaru. Na tace shi da kallabina. Lita biyar ta shiga bido.

Na ɗaure bido a kan rufi da igiya, na zura tiyo daga bakinsa zuwa matacin mai, na naɗe mahaɗar da roba. Na danna famfo, ya yi tauri. Na murɗa makulli, ta tashi. Majo ya yi kabbara, ya kwaso akwatunansa da gudu. Sha biyu da kwata muka haye tudun.

Ba mu yi kilomita uku ba ta sake mutuwa. Na hau rufi na girgiza bido, babu ko ɗigo. Na duba ƙasa ko zuba yake, rairayi a bushe. Na tsaya a rana ina kallon inji, sannan na gane. Injin gazuwal ba ya ƙone duk man da ya ja. Kaɗan yake sha, sauran ya mayar ta wani bututu zuwa tanki. Shafi na nawa ne ma a littafin mota na sani. Na ɗebo man daga tanki da wahala, inji ya mayar mini da shi cikin minti goma.

Na gaya wa Majo. Bai yi wasa ba a wannan karon. Ya dubi agogonsa, ya dubi inuwar mota, ya ce, "Sake. Gaya mini abin da zan riƙe."

Muka sake daga farko: kwano, ƙusa, kwalba, kallabi. Na yanka tiyo gida biyu, ɗaya ya kai mai, ɗaya ya dawo da shi cikin bido. Da aka raba shi ya gaza kaiwa rufi, sai na ɗaure bidon a jikin ƙofar Majo, ya fito da hannu ta taga ya rungume shi. Haka muka yi sauran tafiyar, gazuwal yana fantsar masa a fuska yana tofarwa, ni kuma ina bin gefen kowane tudu a bitas na biyu ba na yarda inji ya yi kuka.

Ƙarfe uku saura kaɗan muka hango rijiya. Tun daga nesa na ga ƙura ta miƙe wajen arewa, layi uku. An yi salla, an ɗaura kaya.

Ba duka suka tafi ba. Mata kamar talatin suna zaune a ƙarƙashin itatuwa da yara a cinya, jakunansu a ɗaure da kaya. Wata tsohuwa doguwa ta taso ta leƙa ta taga, ta ga zanen fuskata irin na dangin uwata, ta riƙe baki.

"Af! Shi ya sa. Babarbariya aka ba mota. Baiwata, a ƙafa kika turo ta?"

Na ce, "Inna, a yi haƙuri."

"Haƙuri na nawa? Tun hantsi nake zaune a kan igiyar raƙumin ɗana don kada ya tashi. Sauko da abin da kika kawo, kina wari kamar fitila."

Ita ta tsare su. Ta ce wa maza duk wanda ya ɗaga jikanta daga wurin nan kafin likita ya zo, kada ya sake cin abin hannunta. Wasu suka ji, wasu ba jikokinta ba ne.

Majo ya wanke hannu sau uku da sabulu, ya shimfiɗa tabarma ya fara. Ni ina rubuta sunaye, ina riƙe hannun yara. Da aka gama da na wurin, ya tambayi arɗo ina waɗanda suka tashi. Arɗo ya nuna layi biyu ya ce waɗannan da shanu suke, ba su yi nisa ba. Na ukun masu raƙuma ne, sai dai Allah ya tsare. Majo, wanda bai taɓa hawa ko jaki ba, ya rataya ƙaramin akwatin sanyi a wuya aka ɗora shi a bayan ɗan tsohuwar. Da raƙumin ya miƙe ya yi ihu da Zabarmanci, mata suka yi ta dariya har da hawaye. Ya cim ma layi biyu kafin rana ta faɗi. Na ukun ba a same su ba. Arɗo ya ce gida shida ne, yara a cikinsu sun fi goma. Na tambaya a rijiyoyi da yawa bayan damina, ba wanda ya iya gaya mini yadda suka yi.

Washegari aka kawo mana mai daga tano a kan jaki. Da muka dawo Gure na mayar da bututu yadda yake, na wanke mota. Sani ya ce matar ta sauka lafiya a Damagaram, ita da ɗanta. Na rubuta rahoto na faɗi abin da na yi, ba wanda ya ce mini komai.

Ranar Juma'a da la'asar na kai motar ƙofar gidan Kawu. Yana zaune a kan tabarma a gindin itacen bedi, yana fifita gawayin shayi. Ya gane ƙarar injin tun kafin in tsaya.

"Uwata, an ce kin yi wa motata ƙarin ruwa kamar mara lafiya."

Na durƙusa na gaishe shi, na ba shi labari daga bidon Sani har raƙumin Majo. Bai katse ni ba. Da na zo kan gida shidan nan ya ajiye mafici. Sannan ya zuba shayi ya miƙo mini.

Na riƙe kofin. Na ce, "Kawu, zan yi tambaya."

"Ikon Allah. Shekara nawa ina jira."

"In tsinke ya kwanta a kan ja, lita nawa ke saura? Littafi ya ce sha biyu. Na ci uku, na tarar da shida."

Ya shafa gemu, ya juya fuska wajen motar ko da yake ba ya ganinta sosai.

"Masu littafi ba su yi ƙarya ba, a kan siminti suka auna. A kwalta kina da sha biyu. Hanci sama a kan tudu, ko ɗigo ba ki da shi, sai abin da kika ɗauko a bido. Wannan motar kuma ki cire uku ko a kwaltar. Ni na hau kututturen gawo da ita a hanyar Bune tana da wata biyu, cikin tankin ya lotsa sama. Na shafa masa baƙin fenti, ban gaya wa kowa ba, kunya nake ji. Kullum da safe da kike tsaye a kaina ina ƙwanƙwasawa, cewa nake yau yarinyar nan za ta tambaya in samu in faɗa. Ke ba ki tambaya ba, ni ban faɗa ba. Yaran nan na gida shida, ki bar mini rabinsu a wuyana."